Katangar da Inna Ta Yaɓe

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakin Baba da maƙerar Tanko a Bungudu. Ranar da ciwon kai ya kwantar da Baba, duk bugun guduma sai ya dafe goshi ya yi nishi.

Da azahar Inna ta yafa zane ta je da kanta, ina biye da ita.

"Tanko, don Allah ka saurara zuwa la'asar, Malam ya samu ya runtsa."

Ko kai bai ɗaga ba. "Manoma na jiran fartanyoyinsu. Ni na sa mishi ciwon?"

Inna ta dawo ta jera karan dawa a jikin katangar, ta cusa audugar kaɗinta duka a tsakani. Sannan ta yaɓe da laka da kashin shanu, tana makawa kamar fuskar Tanko take mari. Har yau ina jin warin ɗanyar lakar nan.

Ƙarar ta ragu, amma ba ta ɗauke ba.

"Ya daina?" in ji Baba.

"Ya daina, Malam, yi barcinka."

Daga wannan ciwon Baba bai tashi ba. Yanzu na tsufa, ana ce mini in yafe wa Tanko tunda ya daɗe a kabari. Ban yafe ba.