Wuƙar Sarkin Jawa

A shekara biyu na rasa abu uku: mijina Usuman, gidanmu na unguwar Karantina a Jidda da aka rushe, da wuƙar kakata Tani. Abin da na samu shi ne ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar da gaisuwa guda. Ni Mastura, shekara talatin ina sayar da yaji da kuka, ba a taɓa ƙwarata a ciniki ba, wannan karon ma ba a ƙware ni ba.

Wuƙar ba ta yanka komai. Ruwanta a lanƙwashe yake kamar tafiyar maciji, kubenta na itace, a naɗe cikin tsohon zane tare da takarda guda. Duk watan Muharram kakata takan wanke ta da lemun tsami ta turara ta. Ba ta taɓa faɗin dalili ba. Uwata ta gaji wankin, ni ma na gada, kamar yadda na gaji ƙananan idanunta da yaran unguwa ke tsokanata da su.

Ranar kwashe kaya, Hamad mai sayen tsofaffin kaya ya ga wuƙar ya ɗauki hotonta. Bayan wata huɗu wata doguwar mota ta tsaya a bakin layinmu, hoton nan ne ya kawo ta. Mai ita sunansa Thamer, haifaffen Jidda, asalinsu Jawa, yana da kantunan turare a Aziziyya. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a ƙofa yana toshe hanci.

A tsaye ya ba ni labarin. Wai akwai wani sarki a ƙasar Jawa da ya yi shekara goma sha tara a gadon sarauta, Turawan Holan na bisa kansa. Suka nemi ya ba su gonakin shinkafar talakawa su shuka rake, ya ƙi. Suka tuɓe shi, suka naɗa ƙanensa, suka riƙe matansa da 'ya'yansa, suka sa shi a jirgin alhazai. A Makka ya rasu, ƙafafunsa sun shanye. Mutum ɗaya ne ya biyo shi, Karto, kakan Thamer, wanda Thamer ya ce ɗan sarkin ne. Wuƙar kuwa ta sarauta ce, ta ɓata kafin rasuwar.

Ya tambaye ni aikin kakata a Makka. Na ce wanki take yi wa alhazai.

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Mai wanki ta sace. Miƙo, ya Takruniya." Sunan da suke kiranmu da shi ke nan a nan, mu baƙar fata.

Na ce masa kakata ta mutu da zane biyu, ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, ya ɗauke min ƙafarsa daga tabarma.

Ya dawo da kuɗi, na ce albarka. Ya ninka, na ce albarka. A zuwa na uku bakinsa ya kuɓuce: 'yarsa Shahad za ta auri ɗan wani babban gida, shekara da shekaru yana gaya musu shi jinin sarauta ne, kuma ya yi alkawarin nuna wuƙar ranar biki. Nan na san shi ne a matse. A zuwa na huɗu ya ce zai kawo shurta, wato 'yan sanda, ya san iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta mutu tun rasuwar Usuman, kuma duk Mahjar za ta ji cewa jikar ɓarauniya ce ni.

Kora ba ta dame ni kamar wannan sunan ba.

Karatuna bai wuce allo ba. Takardar da harufan Larabci aka rubuta ta, ina gane baƙaƙen, amma yaren ba Larabci ba ne, ba Hausa ba. Na kai wa Sitti Rahma, wata tsohuwar Bajawiya mai sayar da abinci a bayan masallacinmu. Mun taɓa faɗa da ita a kan wurin ajiye tire, ko gaisawa ba ma yi. Ta karɓa tana harara. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta sauka daga kujerarta ta zauna a ƙasa, ta ƙi komawa.

Ta ce a al'adarsu, in babban mutum zai auri talaka kuma ba zai iya zuwa ba, wuƙarsa yake aikawa a hannun bawansa, a ajiye ta a mazaunin ango, a ɗaura. Daga nan ta karanta min sauran, layi-layi.

Na aika wa Thamer hoton takardar, na ce ya nemi mai karanta masa. Kwana biyu shiru. A na uku ya zo da ƙafa, motar ya baro ta a titi. Ya ce in faɗi ko nawa ne, wuƙa da takarda.

Na ce takarda ba ta sayarwa ba ce, tana nan a ƙasan matashina, ko zai sake kiran wani da sunan sata. Wuƙa kuwa zan ba shi ya rufa wa 'yarsa asiri, yarinya ba ta yi min komai ba. Ba na son riyal ko ɗaya.

Ya ce, "To me kike so, ya hajja?"

Bayan la'asar na tara maƙwabta, Hamad na nan, Sitti Rahma na nan. Farashin da na karɓa ke nan: Thamer ya cire takalmi tun daga bakin layi, ya tako a durƙushe har tabarmata, ya haɗa hannu biyu a goshi ya gaishe ni, kamar yadda kakansa Karto, bawa mai riƙe wa sarki laima, ya durƙusa gaban Tani mai wanki ranar da ya kawo mata wuƙar aurenta da sarkin, kakana.