Kwaɗon Ƙofar Baya

Karo na uku ke nan a sati guda Malama Haulat ta tarar da ƙofar bayan makaranta a buɗe, kwaɗon yana reto. Ba sai ta tambaya ba, aikin Ɗalhatu maigadi ne.

Ta raina mutumin nan, kuma ba ta ɓoyewa. Tun da aka dawo daga kullen korona yake fama da takunkumi har gindin ido, kowa ya cire nasa, shi ya ƙi. A unguwar Madinat Khalifa ta ƙasar Qatar, inda ruwan shekara da ƙyar yake cika bokiti, wai shi ne mai duban hadari, mai yashe kwata, mai ƙirga yara in an tashi kamar awakin gidansu. Jirgi ya kawo shi Doha, ƙauyanci ya biyo shi a ƙasa.

Ita kuwa ta san sauyin yanayi a ilmance. Duk zango ita ke shirya wa ɗalibai taron wayar da kai, shi ke jona mata majigi, ya koma can baya ya rakuɓe. Hoton da ta fi ji da shi na wani hedimastan ƙauye ne a Najeriya. Ya kulle ƙofa don kada yara su gudu gida, ya tafi da makulli a aljihu, ambaliya ta zo ta same su.

"Ku kalli fuskar sakarci," takan ce. "Yara goma sha biyu!"

Sau ɗaya aka yi gyaran murya daga baya. Harara ɗaya ta watsa masa, ya sunkuyar da kai.

Da gasar kofin duniya ta matso, gari ya cika da baƙi, hukumar makaranta ta ce a kulle kowace ƙofa. Haulat ta ɗauki hoton kwaɗon ta kai ofis. Ta san in aka sallami Ɗalhatu, kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, zai tasa ƙeyarsa gida. Ko a jikinta.

Aka sallame shi ranar Alhamis. Shi da kansa ya kawo mata makullan, ya ajiye a kan tebur.

"Khalas, shi ke nan, sai a je a ci gaba da duban hadari," ta ce, tana taɓe baki. "Ƙato da kai, ko kulle ƙofa ba ka iya ba?"

Ya sa hannu ya sauke takunkumin a hankali. Fuskar da ta shekara biyu tana haskawa a bango ce take kallonta.

"Na iya, Malama, na taɓa kulle wata. Kuma ki gyara, sha uku ne. Ni na ƙirga su."