Zanen Bahago

Yana zare mariƙin takobin, matarsa ta dire shayi a kan tabarma.

"Wani jabun ka sake saya a intanet? Kai da duk Osaka ake kawo wa takubba ka tantance! Maigida, tsufa ne, ko haɗa baki ka yi da 'yan damfarar?"

Bai amsa ba, domin takarda ce a leɓensa, kada numfashi ya taɓa ƙarfen. Ya karkata shi ga hasken taga. Jabun da ya saya bara da ruwan gishiri aka yi masa tsatsa, ko yaro ya gane. Na bana kuwa har sa hannun maƙerin da ya rasu shekaru aru-aru da suka wuce ya fito ras.

Ya cire takardar, ya nuna mata zanen magagari a gindin ƙarfen, duk ya karkata hagu.

"Bahago ɗaya na taɓa koya wa wannan aikin."

Ta dafe ƙirji. Tun da giya ta raba ɗansu bahagon da gida ba su ji ɗuriyarsa ba.

"Duba da kyau," ya ce. "Hannunsa ya daina rawa."