Haruffa Biyu a Takardar Sakin Ruwa

Ka ce ka gaji da ƙananan kalmomin nan na Turanci, Malam, gara mu wuce zuwa manya. To ajiye biron ka huta, in ba ka wani misali.

An yi wani manomin rani a wani ƙauye da ke ƙasa da madatsar ruwa, wanda sai da furfura ta fara cin gemunsa sannan ya shiga makarantar yaƙi da jahilci. Bayan la'asar yake zuwa aji, da taɓon fadama a ƙafa, gadon baya na ciwo, ido na lumshewa. Manyan kalmomi yake so, masu cika baki, irin waɗanda in ya faɗa a majalisa za a juyo a dube shi. Ranar da aka zo kan wata 'yar kalma mai haruffa biyu, "by", ya ji malama ta ce tana nufin kusa da abu, kamar a ce mutum na zaune kusa da rijiya. Ya ce a ransa wannan ba ta kai a ɓata mata lokaci ba. Ya jingina da bango, gyangyaɗi ya kwashe shi. Sauran bayanin duk ya wuce shi: cewa ita ke nuna abin da mutum ya hau ya yi tafiya, ita ke nuna wanda ya aikata abu, ita ke nuna wucewa ta gefe, kuma in ta tsaya a gaban sunan rana to wa'adi take yankewa. Shekara uku bayan haka, ya haƙe albasarsa ya baza ta a bakin kogi tana shan iska, sai ga ma'aikatan madatsa sun liƙa takarda a jikin tsamiyar kasuwa. Za a saki ruwa, kowa ya kwashe amfaninsa da injinsa na ban ruwa "by" ranar Alhamis. Shi aka kira ya karanta, don shi ne mai Turancin gari. Ya bi layi da yatsa, ya haye manyan kalmomin lafiya lau, da ya zo kan ƙaramar ya ce, "Kusa da Alhamis suka ce. Ko Juma'a ko Asabar, duk kusa ne." Wasu hankalinsu bai kwanta ba, suka kwashe nasu tun Laraba. Shi kuwa wata huɗu ke nan yana sunkuye a fadama, jiki ya mutu, ya ce sai Asabar. Maƙwabcinsa ma ya bar injinsa a bakin ruwa, ya dogara da maganarsa.

Juma'a da hantsi ruwa ya iso. Bai zo da ƙugi ba, tasowa kawai ya yi ta yi, jajawur, har ya shafe fadamar. Manomin ya shiga har ƙugu yana kamo albasar da ke yawo a kan ruwa, abin da ya tsira da shi kwando ɗaya ne da rabi. Maƙwabcin ya tsaya a tudu yana kallon inda injinsa ya nutse. Washegari manomin ya ɓanɓaro takardar, ya taka har garin gaba, wurin wani tsohon ma'aikacin gidan waya, yana fatan a ce masa laifin masu rubutu ne. Tsohon ya sa tabarau, ya karanta sau ɗaya, ya ce, "Ai ba kusa suka ce ba, ɗan'uwa. Cewa suka yi kada a wuce Alhamis." Manomin ya karɓi takardar ya ɗora ɗan yatsa a kan kalmar, yatsan ya rufe ta ruf har da saura. Ya so ya yi fushi, ya nemi ƙarfin yin fushin ya rasa. Ya daɗe zaune a dakalin tsohon, sannan ya naɗe takardar, ya miƙe da ƙyar ya kama hanyar gida, don akwai maƙwabcin da zai je ya ba haƙuri.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.