Mutumin da Ke Kan Gadar Majema

Godevaert yana cikin shafa ruwan zinariya a fiffiken hoton wani mala'ika sai wata mata ta turo ƙofar shagonsa. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, tana tari a cikin ƙyalle. Ta ce sunanta Kateline, daga Gent ta zo, kuma littafin addu'a take so, ƙarami, na fatar ɗan maraƙi, irin wanda mata ke karantawa a ɗakunansu.

A duk Bruges ɗinmu babu mai zanen littafi da ya kai shi hannu. Amma jin sunan Gent ya sa ya ajiye burushi. Shekara goma sha tara ke nan da ya baro garin, ya yi ta yawo a Faransa kafin ya zauna a nan, bai taɓa komawa ba, bai kuma taɓa tambayar labarin kowa a can ba.

"Sauran shafukan ka yi yadda aka saba, Maigida," in ji ta. "Budurwa Maryamu, makiyaya, furanni a gefe, wannan duk naka ne. Shafin addu'ar matattu kaɗai nake da magana a kai."

A wannan shafin akwatin gawa ake zanawa, da limamin coci yana yayyafa ruwa. Ita kuwa gadar majema ta Gent take so, da sassafe, hazo ya rufe kogi. A kan ruwa jar hula, kusa da ita hannun mutum yana nitsewa. A kan gadar wani a tsaye, ya juya baya.

"Fuskarsa fa, Uwargida?"

"Bar ta. Allah ya san ta, ni ma na san ta."

Jar hular ta Marcelis ce, wanda suka koyi sana'a tare da Godevaert a Gent. Marcelis ne ya gano Godevaert yana gauraya shuɗi mai tsada da na banza, ya kuma rantse sai ya kai ƙara gaban ƙungiyar masu zane. A kan gadar nan suka haɗu wata safiya. Turi ɗaya Godevaert ya yi masa, kuma har zuwa yau yana ganin babu wanda ya gani.

Ya karɓi aikin, don ƙin karɓa ma magana ce.

Kowace Juma'a sai ta zo ta zauna a kan benci, ta zuba wa shafin ido. A kalandar farkon littafin, inda ake jera ranakun waliyyai, ta sa ya rubuta sunan Marcelis a ranar Waliyyi Martin, ranar da ya nitse. Sannan ta ƙirga mako shida da yatsa, ta tsaya a kan wata rana.

"Nan kuma ɗan gicciye kawai za ka yi, da ja. Ba suna. A ranar zan zo karɓar littafin."

Wata Juma'ar ta ce kafaɗun mutumin kan gadar sun yi ƙanƙanta, ya faɗaɗa su. Da ya gyara, ta ce ya jiƙa masa riga har ƙirji. Godevaert bai tuna ya jiƙe a waccan safiyar ba, amma shekarun da yawa. Ya jiƙa.

Abinci ya daina shiga masa. Matarsa Maeyken ta dangwarar masa da kwanon miya ta ce, "Tsohon nan, ko mala'ikun da kake zanawa sun fi ka cin abinci. Wai me baƙuwar nan take yi maka?" Sau biyu yana ɗaure kaya zai bi jirgin ruwan fataken ulu ya gudu, sau biyu yana kwancewa. Duk ranar da ya bi ta kasuwa sai ya sunkuyar da kai idan ya zo wajen dandamalin da ake rataye mutane.

Ranar gicciyen ta zo da yayyafi. Da rana tsaka Kateline ta shigo, ta rame fiye da da. Ta taga ya hango ƙarti biyu sun tsaya a bakin ƙofa, sun naɗe hannu.

Ta buɗe littafin, ta wuce zinariya da furanni ba ta duba ba, har ta kai gadar. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba.

"Likita ya ce ba zan ga bazara ba," in ji ta. "Shekara goma sha tara ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Kafin in mutu ina so alhakin jinin Marcelis ya sauka."

Godevaert ya zube a gabanta, ya kama bakin rigarta.

"Uwargida, ya isa! Ni ne, ni na tura shi, kin riga kin sani. Kira su su tafi da ni, amma don girman Allah kada a yi a gaban matata."

Ta waiwaya wajen ƙofa. "Waɗancan? Masu tuƙa mini jirgi ne." Sannan ta sunkuyo ta dube shi, kamar yau ta fara ganinsa. Littafin ya sulluɓe daga hannunta ya faɗi ƙasa.

"Kai?" in ji ta. "Gafara na zo in nema wa mijina, Joos. Shi na sa ka zana a kan gadar. A ranar ya shigo gida a jiƙe, ya rantse mini ceton Marcelis ya shiga yi, ban yarda ba. Da bakina na ba da shaida a kansa, bayan mako shida suka rataye shi."