Fasfon Ammu Gulam

Bayan la'asar Baba ya riƙe hannuna, muka raka maƙwabcinmu Ammu Gulam wurin kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da fasfonsa, a unguwar Nuzla. Ɗan ƙabilar Hazara ne, mai gasa burodin tamis, ya tsero daga Afganistan bayan an kashe 'yan'uwansa. Wasu iyalai a Kanada sun yarda su ɗauki nauyinsa, fasfonsa kawai ya zo roƙo.

Baba ya ce, "Ya Shaikh, ka dubi Allah ka ba shi."

Kafilin bai ko ajiye shayinsa ba, ya ce, "To wa zai gasa mini tamis? Halas, magana ta ƙare."

A bakin tanderun kafilin nan Ammu Gulam ya tsufa. Har yau in na tuna, sai na ji na cije haƙora.