Bakin Matakalar Haikali

Misao ta gane shi duk da farar rigar masu ziyarar ibada da malfar da ya kifa. Genzo ne, direban da ya bugu ya take ɗanta Noboru har lahira. Yana tsaye a saman doguwar matakalar wani haikali a tsibirin Shikoku, ya ba ta baya. Ba kowa kusa.

Ta lallaɓa bayansa, ta ɗaga hannu biyu.

"Tura ni, Maman Noboru," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Duk shekara a nan nake jiran ki. Na gaji."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta gyara masa malfa.

"Sauka a hankali, akwai santsi," ta ce. "Sai baɗi."